Zuwa ga Edita: Ina baƙo zai ci abinci hankali kwance a babban birni?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana akan wani abu da nasan wasu za su ce bai kai a rubuta wasiƙa akansa ba, amma ni a wurina ya kai har ya wuce, wato maganar inda mutum zai zauna ya ci abinci a babban birni. Ba gidan abincin manya nake nufi ba irin wanda sai ka buga waya an ajiye maka kujera tukuna, a'a, ina nufin irin wurin da mutum zai faɗa da rana tsaka ya ci ya ƙoshi ya biya ya koma bakin aikinsa, ba a yashe masa aljihu ba kuma bai kwana yana zarya tsakanin gado da banɗaki ba.

Abun da ya sa na ɗauko maganar shi ne ɗan yayata, yaro ne mai hankali ya samu aiki a birni ya taho, babu mata babu kicin, ɗaki ɗaya ya kama, toh dole a waje zai ci. Satinsa na farko ya buɗe waya ya duba gidan abincin da ya fi yawan taurarin yabo na kwastomomi a kusa da shi ya je, wuri ne mai kyan gani da fitilu da gilasai da esi, ya ci ya biya kuɗin da zai ishe shi abincin kwana uku, kafin asuba amai da gudawa sun kayar da shi sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti, kwana biyu bai je aikin da ko wata bai yi da farawa ba. Da na je duba shi yake ce min Kawu ni yanzu tsoron cin komai nake, shayi da burodi kawai zan riƙa sha. Wallahi Edita abun ya tsaya min a rai, saboda ni na fi shekara 15 aiki yana kai ni manyan birane, mafi yawan abincin da na ci a shekarun nan ba a gidana aka dafa shi ba, kuma nasan yadda baƙo yake ji idan yunwa ta kama shi a garin da bai san kowa ba, ga gidajen abinci nan birjik hagu da dama amma bai san wanne zai shiga ba.

Kuma ba matsalar mutum ɗaya ba ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2018 kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma ana sa ran ya kai kashi 68 nan da 2050. Hukumar abinci ta FAO kuma tun 2007 ta ƙiyasta mutum biliyan 2.5 ne suke cin abincin bakin titi kullum. Kaga kenan wanda yake fita da safe ba zai dawo ba sai dare, ɗalibi ne ko lebura ko ma'aikacin ofis ko direba ko mai jinya a asibiti, duk cikinsu a hannun wani yake wanda ba su sani ba.

Abun da na koya a shekarun nan guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne: ka nemi wurin da masu cin abincinsa suke dawowa gobe. Shikenan. Mai abincin da yake sayarwa fuskokin da ya sani, waɗanda jiya sun ci yau sun dawo gobe ma za su dawo, ba zai iya wasa da tukunyarsa ba, domin ranar da ya zuba musu na jiya ya ɗumama, ko ya rage nama, ko wani ya kwana da ciwon ciki, kafin azahar labari ya zaga layin kaf, kuma ga wani mai abincin nan taku ashirin a gaba. Kunyar idon kwastoma da tsoron rasa shi su ne suke riƙe da shi, sun fi duk wani allo da za a kafa a ƙofa. Shi kuwa wanda yake bakin tasha ko filin jirgi ko gaban wani wuri da 'yan yawon buɗe ido suke cika, yasan wanda ya ci yau ba zai sake ganinsa ba har abada, ko ya ji daɗi ko bai ji ba mota ta riga ta tashi da shi, gobe wasu sabbi za su sauko da yunwarsu. Ga kuma kuɗin haya, duk inda jama'a suka fi wucewa haya ta fi tsada, kuma wannan hayar a cikin farantinka za a cire ta, ko a ƙara maka kuɗi ko a rage maka inganci, sau da yawa ma duka biyun. Ba wai nace duk mai abincin tasha macuci ba ne, akwai masu tsoron Allah a ko'ina, kuma akwai wanda direbobin tashar ne kwastomominsa na kullum, wannan shi ma yana cikin masu kunyar ido. Amma in kai baƙo ne ka sauka, ka daure ka ƙara tafiyar minti biyar ko goma, ka bar babban titi ka shiga layi na biyu ko na uku a baya, inda makanikai da teloli da masu shaguna suke, nan ne haya take sauka kuma nan ne ake dafa wa mutanen da za su dawo.

Sai maganar tambaya, an ce matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne amma akwai yadda ake tambayar. Na daɗe ina kuskure a nan. In ka ce wa ɗan gari ina ne ake sayar da abinci mai kyau a garin nan, zai dube ka ya ga baƙo, sai ya so ya fita kunyarka ya kuma kare mutuncin garinsu, sai ya nuna maka wurin da ya fi ko'ina tsada wanda shi kansa bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya ya shiga ranar wani biki. Amma ka ce masa Malam yau a ina ka ci na rana, ko jiya da ka tashi daga aiki ina ka tsaya, toh yanzu ne zai faɗa maka gaskiya, wani ma har ya ɗan ji nauyi yace ai wani ɗan wuri ne ba zai yi maka ba, wannan ɗan wurin shi nake nema. Kuma wa za ka tambaya? Ni na fi yarda da masu gadi, da ma'aikatan asibiti masu kwanan aiki, da masu shara a ofisoshi, da dattijon da ya daɗe da shago a layi ɗaya, saboda su kuɗinsu a ƙirge yake ba za su kai shi inda za a cuce su sau biyu ba. Direban tasi ma yana da ilimin gari sosai, sai dai a yi hattara, a biranen da baƙi suke yawan zuwa akwai direbobi da ma'aikatan otal da ake ba su kamisho in sun kawo mutum, in ka ga ya nace lallai sai wuri kaza har yana cewa zai jira ka a ƙofa kyauta toh ka gode masa ka sake tambayar wani. In mutum biyu da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, ni dai ban taɓa zuwa na yi nadama ba.

In ka isa kar ka yi saurin zama, ka ɗan tsaya daga gefe kamar minti uku ka kalla, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Su wa suke ci? In ka ga mata da yaransu, ka ga dattawa, ka ga mutane da kayan aiki a jikinsu suna shigowa mai abinci yana zuba musu tun kafin su yi magana domin ya san abun da kowa yake ci, toh ka samu. Uwa ba ta kai ɗanta inda ta taɓa ganin ƙazanta. Kuma ka je a lokacin da mutanen garin suke cin abinci ba lokacin da ya yi maka ba, wannan yana da dalili na lafiya ba na daɗi kaɗai ba. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da yake tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, wato wanda ba sanyin firji gare shi ba kuma ba zafin wuta ba, ɗumi-ɗumin nan, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya WHO take cewa kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, kuma in za a dafa ko a ɗumama sai ya kai digiri 70 har cikinsa. Wurin da ake layi tukunya ba ta zama, ana saukewa ana ƙarewa ana ɗora wata, abun da za a zuba maka yanzu aka sauke shi yana turiri. Wurin da babu kowa da ƙarfe huɗu na yamma kuwa, wannan shinkafar da naman da kake gani a bayan gilashi ƙila tun sha ɗaya na safe suke nan suna jiran ka. Mutane da yawa suna gudun layi su shiga inda babu kowa wai don a sallame su da wuri, ni kam na gwammace in tsaya minti goma.

Wani abun da nake dubawa shi ne yawan kalar abincin da suke yi. In aka miƙo min takarda shafi shida, abincin ƙasa kaza da na ƙasa kaza duk a kicin ɗaya, ga kuma kujeru goma kacal a wurin, gabana faɗuwa yake, domin babu yadda za a yi a dafa kala hamsin sabo kullum, dole wasu suna firiza tun makon jiya, in kuma wuta tana ɗaukewa tana dawowa toh sun narke sun sake daskarewa ba sau ɗaya ba. Mai kala uku ko huɗu da ya shekara ashirin yana yin su kullum hannunsa ya faɗa, yasan adadin da zai sayar, yasan wurin wa zai sayo kaya da asuba, kuma in ya ƙare zai ce maka ya ƙare sai gobe. Wannan kalmar ta ya ƙare ina jin daɗin jin ta ko da ni ne ban samu ba, saboda tana nuna min ba a kwana da saura. A 2024 kundin Michelin, wanda yake ba gidajen abinci mafi inganci tauraro a matsayin lambar yabo, ya ba wani ɗan ƙaramin shago a birnin Meziko mai suna El Califa de León tauraro, shagon da tun 1968 yake nan, a tsaye ake ci saboda ƙanƙantarsa, kuma kala huɗu kawai yake sayarwa. Kafin shi a 2016 masu rumfar abinci biyu a Singafo sun samu, a ƙarshen 2017 kuma wata dattijuwa a Bankok da ake kira Jay Fai wadda take girki da kanta akan gawayi a bakin titi ita ma ta samu. Na kawo su ne don masu ganin sai wuri ya yi tayil da esi sannan abincinsa zai yi kyau.

Tsafta kuma Edita ita ce inda ba na sassauci ko kaɗan, kuma ina roƙon masu karatu kar su ɗauke ta da wasa. Ƙiyasin da WHO ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, kusan mutum ɗaya cikin goma kenan a duniya, 420,000 suna mutuwa, a cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Taifot da kwalara da sauran su duk ta baki suke shiga. Abun da nake kallo na farko hannu ne, hannun da ya karɓi kuɗi shi ne yake taɓa abinci? In mutum ɗaya ne yake yin duka, da cokali ko ludayi yake zubawa ko da yatsu? Na biyu ruwan wanke-wanke, in roba ɗaya ce tun safe ruwan ya koma kalar miya ana tsoma faranti ana cirowa ana miƙa wa na gaba toh na wuce, ko da ƙamshin abincin zai kashe ni. Na uku ɗanyen nama, wuƙa da katakon da aka yanka shi da su ne ake yanka abun da ba za a dafa ba? Sai man suya, in ya yi baƙi ƙirin yana kumfa yana hayaƙi an daɗe ana juya shi. Sai tsumman goge tebur, sai murfi akan abinci, sai ƙanƙarar da ake sakawa a abun sha wadda ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba. In akwai banɗaki ka leƙa, wanda bai kula da inda yasan kwastoma zai gani ba ina ga inda ba a gani. Duk wannan a minti biyu ido yake ɗauke shi in mutum ya saba.

Anan ne ma nake ganin ƙaramin wuri ya fi babba wani lokacin, domin mai rumfa a gabanka yake komai, wutarsa da tukunyarsa da hannunsa duk kana gani, shi kuwa babban wuri kicin ɗinsa yana bayan ƙofa an rubuta ba a shiga. Ciwon ciki mafi tsanani da na taɓa yi a rayuwata daga wani gidan abinci ne mai kyan gaske a cikin otal, masu kawo abinci da fararen riguna, irin wanda ake jera abinci a manyan tireloli kowa ya ɗiba, ashe wutar da take ƙarƙashin tiren ta mutu tun ɗazu, na ji abincin da ɗumi kawai amma na ce ai wuri irin wannan ba za a samu matsala ba. Kwana huɗu na yi a kwance a garin da ba ni da kowa. Kyan ɗan maciji kenan. Tun daga ranar in abinci ba ya turiri nakan ce a mayar a ɗumama min da kyau ko a canza, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Toh waya fa? Ban ce a jefar da ita ba, ni ma ina buɗe Google Maps in na sauka a sabon gari, tana nuna maka me ke kusa da lokacin buɗewa da hanya, wannan taimako ne babba. Amma taurarin nan a san yadda za a karanta su. Akwai wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, a 2017 ya ƙirƙiri gidan abincin da babu shi ya sa masa suna The Shed at Dulwich, wata 'yar rumfa ce a bayan gida inda yake kwana, ya sa abokansa suka riƙa rubuta yabo a TripAdvisor, shafin intanet da matafiya suke ba gidajen abinci maki, hotunan abincin ma da kumfar aski da makamantansu ya haɗa su, cikin wata shida zuwa bakwai wurin ya zama na ɗaya a duk Landan a cikin gidajen abinci kusan 18,000, mutane suna ta bugo waya suna roƙon a ba su kujera a wurin da bai taɓa dafa wa kowa komai ba. Kuma shi da kansa ya faɗa cewa a baya biyansa ake yi ya rubuta yabon ƙarya ga gidajen abincin da bai taɓa shiga ba. Dalilin da ya sa ake wannan sana'ar a fili yake, binciken da Michael Luca na Jami'ar Harvard ya yi a 2011 akan gidajen abinci na Siyatil ya nuna ƙarin tauraro ɗaya a shafin sharhin kwastomomi na Yelp yana ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin 100, duk inda tauraro ya zama kuɗi kuwa za a samu mai sayar da shi. Abun ya yi yawa har a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka FTC ta fitar da doka ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya.

Yadda nake yi ni, ba na fara karanta masu tauraro biyar, na kan je wurin masu biyu da uku, su ne suka fi faɗin gaskiya, sai in duba me suke kuka da shi. In kukan shi ne wurin ya cika ko an daɗe ba a sallame su ba ko kujerun roba ne, wannan bai dame ni ba, wani lokacin ma alama ce mai kyau. In kuwa mutum uku daban-daban sun ce cikinsu ya ɓaci ko an ƙara musu kuɗi a bil, an gama magana. Ina duba kwanan wata, domin mai girki yana canzawa, mai wuri yana sayarwa, yabon shekara uku da suka wuce ba lallai ya shafi tukunyar yau ba. Ina duba hotunan da kwastomomi suka ɗauka ba na mai wurin ba. In na ga yabo talatin duk a sati ɗaya duk kalmomi iri ɗaya daga mutanen da ba su taɓa rubuta komai akan wani wuri ba, nasan aiki ne. Su kuma masu bidiyo a TikTok da Instagram da suke cin loma ɗaya su lumshe ido, wasunsu tsakani da Allah suke yi, amma da yawa gayyatarsu aka yi, an san da zuwansu, farantin da aka zuba musu ba shi za a zuba maka ba, kuma ba sa faɗa cewa talla ce. Babban abun da ya fi damuna ma shi ne wuraren da suka fi kyau da yawa babu su a waya kwata-kwata, domin leburan da yake ci a can kullum ba shi da lokacin rubuta sharhi, ita kuma mai abincin ba ta san ana sa wuri a taswira ba.

Wannan ya kawo ni kan roƙona gare ku. Shi kundin Michelin ɗin da na ambata, kamfanin taya ne na Faransa ya fara shi a 1900 don masu mota su san inda za su tsaya, a 1926 suka fara ba da tauraro, a 1997 suka ƙara wani rukuni da suke kira Bib Gourmand na wuraren da ake samun abinci mai kyau da sauƙin kuɗi. Ba wai komai nasu daidai ne ba, ƙasashe da yawa ma ba sa zuwa, amma abun da ya sa ake jin maganarsu har yau shi ne masu duba musu ba sa faɗin ko su waye, suna shiga kamar kowa su ci su biya da kuɗinsu su fita. Me zai hana jaridarmu ta buɗe ɗan fili ko rabin shafi ne a mako, wakilinku ya shiga irin waɗannan ƙananan wuraren ba tare da ya nuna kati ba, ya je sau biyu ko uku a lokuta daban-daban, jarida ta biya kuɗin abincin, ya rubuta abun da ya gani na tsafta da ɗanɗano da yadda ake karɓar mutane, ya faɗa mana ko mace ita kaɗai za ta iya zama ta ci ba a dame ta da kallo ba, domin wannan matsala ce da mu maza ba ma lura da ita, ƙanwata ta sha haƙura da yunwa har ta koma gida saboda duk wurin da ta leƙa maza ne cunkus babu inda za ta raɓa. Ya faɗa mana ko akwai ruwan wanke hannu da sabulu, ko in ka tambayi me aka saka a abinci ana ba ka amsa ko ana haɗe rai, saboda akwai mai ciwon suga da mai hawan jini da wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu da wanda addininsa ya hana shi. Sharaɗi ɗaya ne kawai, ranar da aka fara karɓar kuɗin talla daga waɗanda ake rubutu akansu filin ya mutu.

Hukumomi kuma akwai abun koyi. Los Anjelis tun 1998 ake liƙa sakamakon binciken tsafta a ƙofar gidan abinci, Niyok ta bi sahu a 2010 da harafin A ko B ko C a jikin taga, Denmak tun 2001 hoton fuska suke sakawa mai murmushi ko mai ɓata rai wanda ko ba ka iya karatu ba za ka gane, Ingila kuma maki ne daga 0 zuwa 5. Duba-gari ya shiga kicin ɗin da ni ba zan iya shiga ba, ya fito ya liƙa min abun da ya gani, ni kuma in zaɓa. Sannan Singafo maimakon ta yi ta korar masu abincin bakin titi tana kifar musu da tukwane, daga shekarun 1970 ta gina musu cibiyoyi da famfo da magudanar ruwa da wurin zubar da shara ta ba su lasisi, yau suna da sama da 100, har a Disamba 2020 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka wannan tsarin nasu a jerin al'adun duniya. Mai abincin da ba shi da tabbas gobe za a bar shi a inda yake ba zai kashe kuɗi ya gyara wuri ba, kuma ba za ka ce wa mutum ya wanke faranti da ruwa mai gudu ba alhali babu famfo a layin gaba ɗaya.

Mu ma masu ci akwai namu. In ka samu wuri mai kyau ka riƙe shi, ka gaisa da mai wurin ka san sunansa, ka biya ba tare da ja-in-ja akan abun da kasan ya cancanta ba, ranar da ka ga abu ya canza ka ja shi gefe ka faɗa masa a hankali kafin ka je ka rubuta a intanet, sau da yawa yaron da ya ɗauka ne sabo ko kayan ne suka yi tsada yana ta faman yadda zai yi. Akwai wata baiwar Allah da na shekara shida ina cin abincinta duk lokacin da aiki ya kai ni garin da take, wata rana na zo a makare ta ce min Alhaji yau kar ka ci wannan, ya daɗe da sauka, ka zauna in ɗora maka wani, na zauna na jira kusan rabin awa ta kawo min yana tururi kuma ba ta ƙara min ko sisi ba.

Shi ɗan yayar tawa da ya warware na ɗauki ranar Asabar guda muka zaga unguwar da yake aiki a ƙafa, muka tambayi mai gadin ofishinsu da wani tela da wata nas inda suka ci na rana, biyu daga ciki suka faɗi wuri ɗaya, wata 'yar rumfa a bayan wani garejin gyaran mota mai benci huɗu, muka tsaya muka kalli hannunta da ruwan wanke-wankenta sannan muka zauna. Yanzu wata biyar kenan yana da wuri uku da yake juyawa a tsakaninsu, bai sake kwanciya ba. Amma yara irinsa nawa ne suke sauka a birni kullum babu kawun da zai zaga da su? Saboda su nake roƙon a duba maganar filin nan Edita, in kun buɗe ni mai aiko muku da abun da na gani ne a duk inda aiki ya kai ni, kuma nasan masu karatu da yawa za su aiko da nasu.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum